Itacen Gona Na Wane Ne? Doka, Fari da Manoman Maraɗi

Daga ranar 21 zuwa 28 ga watan Mayu na shekarar 1984, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta kira babbar muhawara ta ƙasa a garin Maraɗi a kan gurgusowar hamada. Jami'an gwamnati da sarakuna da ma'aikatan gandun daji da wakilan ƙungiyoyin jama'a suka hallara, suka yi mako guda suna tattaunawa, suka tashi da wata takarda wadda tarihi ya riƙe da sunan Alkawarin Maraɗi. A cikinta aka amince cewa yaƙi da hamada aiki ne na kowane ɗan ƙasa, ba na ma'aikatar daji kaɗai ba, aka kuma ɗora wa hukumomin gundumomi nauyin keɓe fili kowace shekara su dasa itatuwa. Mahalarta suka koma gida suna jiran ruwan shuka. Damina ta zo ta ƙi. Hatsi ya ƙone a tsaye, dabbobi suka yi ta faɗuwa, kuma da yake Nijeriya ta rufe iyakarta tun watan Afrilu, hanyar da aka saba bi a sayo abinci ta toshe. Har yau tsofaffin wannan yanki suna kiran waccan yunwa da sunan El Buhari.

A wancan zamani kalmar sauyin yanayi ba ta shiga bakin jama'a ba tukuna. Fari ake cewa, da hamada. Amma abin da ake nufi a yau idan an ce ƙasa ta tanadi dokoki da manufofi don tinkarar sauyin yanayi, shi ne ƙasar Maraɗi ta daɗe tana fama da shi tun kafin a raɗa masa suna. Wanda ya bi tarihin wannan fama zai ga cewa a cikin dukan abin da aka rubuta aka sa wa hannu, babu abin da ya kai amsar tambaya guda tasiri, wato itacen da ya tsiro a gonar talaka na wane ne. Muddin amsar tana cewa na gwamnati ne, gonaki sun yi ta zama fili fetal. Da amsar ta fara sauyawa, itatuwa suka dawo da miliyoyinsu, mafi yawansu kuwa babu wanda ya dasa su.

Maraɗi da Tibiri duka a inuwar daji aka haife su. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunanta suka yi ƙaura zuwa arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsa a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, suka kafa Tibiri a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, tafiyar ƴan kilomitoci daga Maraɗi. Abin da ya jawo su duka zuwa kwarin Gulbi shi ne duhuwar da ke cikinsa, wadda doki ba ya iya ratsa ta da gudu. Dajin ya zame musu ganuwa ta biyu. Su kuwa Anna, waɗanda aka tarar a kwarin, suna da nasu ƙa'idojin: akwai lokacin da daji yake rufe, ba a shiga farauta sai an yi buɗin daji, akwai kuma kukoki da tsamiyoyi da ba a sa musu gatari saboda abin da aka yi imani yana zaune a cikinsu. A gabas, a Damagaram, ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Bai kamata a yi wa wancan zamani kwalliyar da ba shi da ita ba. Mutane kaɗan ne, ƙasa da yawa, tsoron hari kuma ya hana kowa yin nisa da gari, don haka daji ya tsira ko da ba a tsare shi ba. Duk da haka, mai hani da mai ba da izini a kan itace suna nan kusa, an san su, ana jin harshensu.

Zuwan Faransawa a farkon ƙarni na 20 ya kawar da tsoron hari, jama'a suka fita daga kwari suka bazu a jigawa suna saran sabbin gonaki. Haraji ya koma na kuɗi, hanyar samun kuɗi kuwa ita ce gyaɗa. A daidai wannan lokaci ne Turawa suka fara jin tsoron hamada. A 1935 wani masanin daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara tana tafiya kudu za ta cinye arewacin Nijeriya. Maganarsa ta sa Ingila da Faransa suka haɗa ayarin masana, wanda ya bi iyakar Nijar da Nijeriya a 1936 da 1937. Ayarin bai tarar da rairayi yana tafiya kamar yadda aka faɗa ba, ya dai tarar da ƙasa tana lalacewa, ya kuma ɗora laifin a kan manomi da makiyayi. A cikin ayarin akwai André Aubréville, wanda daga baya, a 1949, ya yaɗa kalmar Faransanci da ake fassarawa da gurgusowar hamada.

Wannan ra'ayi, cewa talaka shi ne maƙiyin daji, shi ne ruhin dokar 4 ga Yuli 1935 wadda ta tsara sha'anin daji a dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa. Dokar ta ce duk dajin da babu kowa a cikinsa kuma ba shi da mai shi, na hukuma ne. Ta raba dazuzzuka gida biyu, waɗanda aka killace da waɗanda ake karewa, ta kuma jera wasu itatuwa da ba a taɓa su sai da izini, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Aka kafa ma'aikatan gandun daji masu kaki, masu ikon kamu da cin tara.

A kan takarda wannan kariya ce. A gona kuwa abin ya zama wani iri. Manomi yana da gawo a gonarsa, amma idan yana son reshe guda don gyaran rumbu sai ya tafi ofis ya nemi takarda. Idan baƙo ya bi dare ya sassare gawon, ko makiyayi ya kakkaɓe shi don awakinsa, kukan da manoma suka daɗe suna yi shi ne mai gona ake tuhuma. Itacen da ba ka da ikon amfana da shi, amma kana iya shan tara dominsa, me zai sa ka bar shi ya girma? Dabarar da ta rage ita ce a gama da shi tun yana tsiro, kafin ya kai girman da ma'aikaci zai lura da shi. Saboda haka kowace bazara, lokacin sassabe, ake bin gona ana sare duk wani tohon kalgo da sabara da geza, a tara a cinna wuta. Malaman gona kuma suka zo suka ƙara wa abin ƙarfi, domin garmar shanu da suke koyarwa ba ta son kututture. A hankali gona mai tsabta ta zama alamar manomin kirki, mai barin toho kuwa aka ɗauke shi rago.

Samun ƴancin kai a 1960 bai taɓa wannan tsari ba. Gyaɗa ta ci gaba da mulki, aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta, Alhazan Maraɗi suka yi arziki, saura ta yi ta raguwa domin babu sauran filin da za a bari ya huta. Sai farin 1968 zuwa 1973 ya sauka a kan ƙasar da aka riga aka tuɓe mata riga. Iskar farkon damina tana ɗaukar rairayi ta binne shuka ko ta yanke ta, manomi ya sake shuka sau biyu, sau uku, har iri ya ƙare. Mata suna yin tafiyar sa'o'i neman itacen girki, waɗanda suka rasa su koma ga kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya koma cikin ƙasa ya zama taki.

Amsar da gwamnati ta bayar ita ce sabuwar dokar daji ta 4 ga Maris 1974, a ƙarshen mulkin Diori Hamani. Makonni shida bayan haka, ranar 15 ga Afrilu, sojoji suka kifar da shi, yunwa kuwa tana cikin dalilan da suka bayar. Dokar ta tsira daga juyin mulkin, kuma duk wanda ya aza ta kusa da ta 1935 zai ga ɗiya ce da uwarta: daji na gwamnati ne, gawo da tsamiya da kuka da giginya da ɗorawa da wasunsu suna cikin jerin da aka hana taɓawa, tara da ɗauri suna jiran mai saɓawa. Gefe guda kuma aka duƙufa ga dashe. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa. Aka buɗe wuraren renon dogon yaro da turare, aka kewaye filaye da waya a bakin ƙauyuka aka ce dajin gari ne. An samu inda abin ya yi kyau, kamar layukan dogon yaro masu tare iska da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya a 1975. Amma a mafi yawan wurare dashen ya mutu kafin shekara ta zagayo, saboda ƙishirwa da gara da awaki, da kuma wani dalili da ba a cika rubutawa a rahoto ba: babu wanda ya san ko dajin garin na wane ne, don haka babu wanda ya ga dalilin ɗaukar tulu ya ba shi ruwa.

Wata fuskar amsar gwamnati ita ce noman rani. A ƙarƙashin babban shirin raya karkara na Maraɗi, wanda Bankin Duniya ya ba da kuɗinsa, aka gyara fili na wajen hekta 500 a Jiratawa a farkon shekarun 1980, aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu famfon lantarki, aka rarraba wa manoma. Jiratawa ta ciyar da gidaje masu yawa, daga baya ta yi suna da zogale. Sai dai hekta 500 ba ta kai komai ba idan aka gwada ta da faɗin jigawar da miliyoyin mutane suka dogara da ita, inda babu famfo, babu lantarki, sai abin da sama ta bayar.

A kan wannan jigawa ce abin da ya sauya labarin ya faru. Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, ya zo Nijar a 1981 yana aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, wadda take da mazauni a Tibiri tun ƙarshen shekarun 1920. Aikinsa dashen itatuwa ne, kuma kamar na kowa, dashensa mutuwa yake yi. Kamar yadda ya sha ba da labari, wata rana a 1983 ya tsaya a hanyar ƙauye don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen da kyau sai ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare, kututturensa yana sake toho. Irin waɗannan kututture suna nan ko'ina cikin gonaki, saiwoyinsu sun yi shekaru da kaiwa ga danshi. Dajin da ake kashe kuɗi ana nema a wurin reno, ashe yana kwance ƙarƙashin ƙasa, ana aske shi kowace bazara.

Aikin da ya biyo baya ba shi da wuya, kuma lauje ko adda sun isa. Manomi ya zaɓi kututturen da yake so, ya bar toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran, ya ɗebe rassan ƙasa don su miƙe. Da yake saiwar tsohuwa ce, girman yana da sauri, kuma kowace shekara ana iya yanke sanda guda a bar sauran. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani. Gaskiya ita ce ba sabon ilimi ba ne, Rinaudo kansa bai ce shi ya ƙago shi ba. Kakanni sun san shi, kuma a ƙasar Damagaram, wajen Magarya da Matamai da Mirya, manoma sun yi ta renon gawo a gonakinsu bisa ga tsohuwar al'ada. Abin da ya ɓata shi ne dalilin yin sa.

Da farko manoma ƙalilan ne suka yarda, aka yi ta yi musu dariya, ana bin dare ana sare musu abin da suka bari. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa. Shirin ya raba abinci a madadin aiki a ƙauyuka wajen 100, sharaɗin kuwa shi ne mutum ya bar itatuwa a gonarsa. Aka bar wajen rabin miliyan. Da yunwa ta wuce aka daina rabon abinci, wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan suka sha gatari. Wani zai ce shirin ya faɗi ke nan. Amma kashi ɗayan da ya rage ya isa ya zama shaida, domin maƙwabta sun gani da idonsu cewa gero bai ƙi yi ba don akwai kalgo a gona, sun kuma ga mai gonar yana sayar da itace a lokacin da ba su da abin sayarwa.

A nan ne batun doka ya shigo, kuma ta bayan gida ya shigo. Masu shirin suka nemi shugabannin ma'aikatar daji na Maraɗi su sassauta, su bar manomin da ya reni itace ya amfana da shi ba tare da tara ba. Aka sassauta. Ba a soke ko layi ɗaya na dokar 1974 ba, an dai daina zartar da ita a kan waɗannan gonaki. Sa'an nan al'amuran ƙasa suka taimaka ta hanyar da babu wanda ya tsara. Farashin yuraniyom ya faɗi, baitulmali ya bushe, Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, Babban Taron Ƙasa na 1991 ya ba talaka bakin faɗin abin da ke damunsa. Ma'aikacin daji da ba shi da man babur ba ya zuwa ƙauye. Manomi ya duba ya ga babu mai zuwa, ya fara ɗaukar itacen gonarsa kamar yadda yake ɗaukar akuyarsa. Abu ne mai ɗaci ga masu tsara doka, amma tarihin ya nuna cewa itatuwan Maraɗi sun fi samun lafiya a shekarun da hukumar da aka kafa don kare su ta fi rauni.

Daga nan doka ta fara bin sawun manomi, tana tafe tana waiwaye. A 1992 aka yi dokar da ta ba ƙauyuka izinin kafa kasuwannin itace na karkara, su sari dajin da ke kusa da su bisa ƙa'ida, su riƙe wani kaso na harajin. Dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, yana cikin wuraren da aka yi aiki da wannan tsari. Ranar 2 ga Maris 1993 aka fitar da ginshiƙan kundin dokokin karkara, wanda ya yi abin da dokar mulkin mallaka ta ƙi yi: ya amince cewa mallakar gona ta hanyar gado da al'ada daidai take da mallaka ta takarda. Ya kuma tanadi hukumomin kula da filaye, waɗanda jama'a suke kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye. Ba a cikin kwanciyar hankali aka rubuta wannan kundi ba. A watan Oktoba 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Duk wanda ya zauna rubuta dokar ƙasa bayan Toda ya san abin da rashinta yake jawowa.

A shekarun nan ne kuma duniya ta fara maganar sauyin yanayi da sunansa. Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a taron Rio na 1992, ta tabbatar da ita a 1995, ta kafa majalisar ƙasa ta muhalli da ci gaba mai ɗorewa, wato CNEDD, a 1996, ta yi babbar dokar muhalli a 1998, ta fitar da shirinta na jure wa sauyin yanayi a 2006, ta tabbatar da yarjejeniyar Paris a 2016. Waɗannan takardu suna da amfaninsu, musamman wajen neman haƙƙin ƙasar da hayaƙin da take fitarwa bai taka kara ya karya ba, alhali tana cikin masu shan wahalar ɗumamar duniya. Amma a lokacin da ake rubuta na farkonsu a Yamai, babban aikin jure wa fari da aka taɓa yi a ƙasar yana gudana a gonakin Maraɗi da Damagaram, kuma kusan babu wanda ya san girmansa.

Sai a tsakiyar shekarun 2000 aka auna shi. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij ɗan Holan, da masanin daji ɗan Nijar Mahamane Larwanou da abokan aikinsu, suka gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na sabon ƙarni, suka kuma bi gonaki da ƙafa. Ƙiyasin da suka fitar shi ne wajen hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Wani nazari na 2009 ya ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu ta dalilin haka da tan 500,000 a shekara. Ƙiyasi ne, kuma masana sun yi gardama a kan rabon da ya kamata a ba dawowar ruwan sama, domin damina ta ɗan gyaru daga shekarun 1990. Sai dai hotunan sun nuna wurare a bakin iyaka inda gefen Nijar ya fi gefen Nijeriya itatuwa, alhali ruwa ɗaya suke sha, ƙasa ɗaya, jama'a ɗaya. Ruwan sama bai san iyaka ba, doka ce da yadda ake zartar da ita suka san ta.

Kada kuma a ɗauka itace ya kori yunwa. A 2005 Maraɗi ce ta zama cibiyar tamowar yara da duniya ta gani a talabijin, a tsakiyar yankin da ake yabo da kore. Abin da itace yake yi ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi haka tabbas. Yana karya iska, shuka ta farko ta tsira. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa abincin dabbobi ne a tsakiyar rani. Ganyen kuka da ƴaƴan magarya da aduwa suna shiga tukunya ko kasuwa. A shekarar da hatsi ya ƙi, gidan da yake da itace yana da abin kai wa kasuwa kafin ya kai ga sayar da akuya, ko garma, ko gonar kanta. Masu lissafin iskar da ke ɗumama duniya suna ƙara da cewa waɗannan itatuwa suna zuƙe wani abu daga cikinta, ko da yake ba don wannan manomi ya bar su ba.

Dokar daji ta 8 ga Yuni 2004 ta maye gurbin ta 1974. Ta amince da dazuzzukan ƙananan hukumomi da na masu zaman kansu, amma ta bar jerin itatuwan da aka kare, ba ta kuma fito fili a kan tohon da manomi ya rena a gonarsa ba. Ƙudurin da ya bayyana yadda za a yi aiki da ita bai fito ba sai a 2018, bayan shekara 14. A wannan shekarar ce aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramukan shuka. Daga ƙarshe, ranar 30 ga Yuli 2020, gwamnati ta fitar da ƙuduri na musamman a kan sassaben zamani, wanda ya amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena. Tsakanin kututturen 1983 da wannan ƙuduri akwai shekara 37.

Amsa tambayar na wane ne ta haifi wasu tambayoyin. Idan gawo ya zama na mai gona, ina makiyayin da kakanninsa suka saba kakkaɓe shi bayan girbi? Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince da ƴancin makiyaya na yawo da dabbobinsu, amma daidaita wannan ƴanci da na mai itace aiki ne da ake yi gona bayan gona. Ina matar da take tsintar itace a gonar da ba tata ba, a yankin da ƙarancin ƙasa ya sa mata da yawa suka rasa ko gamana? Ina mai aron gona, wanda mai ita zai iya hana shi renon itace don kada gobe ya ce gonar tasa ce? A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, jama'a sun kafa kwamitocin sa ido da suka haɗa maza da mata da makiyaya, suka tsara nasu ƙa'idojin da tararsu, ma'aikatar daji ta mara musu baya. Wannan ya fi kama da zamanin da mai hani yake kusa kuma an san shi, sai dai ba kowane ƙauye ne ya samu irinsa ba.

Ruwa kuwa ya fi itace wuyar sha'ani. Itace ya dawo ne da hukuma ta janye hannunta, ruwa ba ya dawowa sai hukumomi biyu sun miƙa hannu. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shigo Nijar ya shayar da kwarin Madarunfa da Jiratawa da Maraɗi da Tibiri, sa'an nan ya sake komawa Nijeriya. Ranar 18 ga Yuli 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci, Gulbin Maraɗi yana cikin kogunan da aka ambata. A daidai wannan lokaci ake kammala madatsar ruwa ta Jibiya a saman kogin. Tun daga nan manoman kwari suke kukan cewa ruwan da ya saba malala ya kwanta a fadama ya ragu, shi ne kuwa yake cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da famfunan Jiratawa suke zuƙa. Wani lokaci kuma matsalar ta juye ta zama ta yawa. A 1945 ambaliya ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, hukuma ta mai da shi kan tudu. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan asara, a wannan karo har da unguwannin da ke kan tudun.

Ƙudurin 2020 da Faransanci aka rubuta shi, kamar dokar 1935 da ta 1974 da ta 2004. A watan Maris 2025 sabon kundin da ke tafiyar da ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Manomin Tibiri da aka tsayar da amalankensa na itace a bakin kasuwa, abu biyu ne za su fisshe shi: ya san cewa akwai ƙudurin da ya ba shi haƙƙi a kan abin da ya rena, ya kuma iya nuna cewa daga gonarsa itacen ya fito. Na biyun a wurin mai gari da Kofo ake neman shaidarsa. Na farkon kuwa ya dogara ga wanda zai karanta masa takardar cikin harshen da yake ji, a makarantar yaƙi da jahilci, ko a gidan rediyon gari, ko a dandali bayan sallar isha'i.